Tsatsar haƙori: abin da ake iya yi a gida, da wanda sai an je asibiti

Tambaya: “Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 36, kuma ba na wasa da asuwaki, kusan duk alwala sai na yi, da safe kuma ina goge baki da buroshi da makilin. Duk da haka akwai wani abu mai tauri, ruwan ɗorawa-ɗorawa, da ya manne a bayan haƙorana na ƙasa, ta wajen harshe. Na sa farce, na sa tsinke, ya ƙi fita. Kwanan nan kuma idan na goge baki sai in ga jini a yawun da na tofar. Wani abokina ya ce in haɗa lemun tsami da kanwa in riƙa dirzawa, wani ya ce gawayi da gishiri. Asibiti kuwa tsoro nake ji, domin yayana ya je an yi masa wankin haƙori, tun daga nan haƙoransa suka buɗe suka fara girgiɗi. Don Allah akwai yadda zan cire abin nan a gida?”

Wa’alaikumussalam, Malam. In na fahimce ka, kana son sanin dalilin da ya sa mai yawan asuwaki irinka zai tara wannan abu, da ko akwai haɗin gida da zai narkar da shi, sannan ko wankin haƙori na asibiti yana ɓata haƙori kamar yadda ka gani a bakin yayanka. Bari in fara da amsar da na san ba ita kake fatan ji ba. Abin da ka kwatanta tsatsar haƙori ce, kuma da zarar ta ƙame babu buroshi, babu asuwaki, babu jiƙo ko haɗi da zai cire ta ba tare da ya ci haƙorin ba. Aikin gida shi ne hana ta samuwa, da hana ta dawowa bayan an cire. Wannan kuwa aiki ne babba, ya ma fi wanda muke yi a asibiti yawa, domin mu sau ɗaya ko biyu muke ganin bakinka a shekara, kai kuwa kullum.

Yadda take samuwa

Idan ka tashi da safe ka sa farce ka karci gindin haƙorinka, daidai inda ya haɗu da dasashi, za ka ga wani farin abu mai laushi da yauƙi. Mutane da yawa sun ɗauka ragowar tuwo ne. Galibinsa ƙwayoyin cuta ne da suka manne da juna, kuma ko mutum bai ci komai ba za su taru, domin awoyi kaɗan bayan an goge baki suke fara sake shimfiɗuwa. Tun a 1683 wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek ya karto wannan abu daga haƙoransa ya duba a madubin ƙara girma da ya ƙera da hannunsa, ya ga ƙananan halittu suna motsi a ciki. Wannan ɗanyen datti shi ne tushen matsalar gaba ɗaya.

Yawun bakinmu yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da fosfet, irin waɗanda aka gina haƙori da ƙashi da su. Amfaninsu shi ne gyara ɓawon haƙori a duk lokacin da tsami ya ɗan zaizaye shi. To amma idan suka tarar da ɗanyen datti zaune ba a taɓa shi ba, sai su shige cikinsa su daskare. Cikin kwana ɗaya zuwa uku aikin ya fara, cikin kamar mako biyu ya zama dutse. Ka ɗauke shi kamar siminti: yana ɗanye ruwa da tsintsiya sun isa, in ya kwana biyu sai an nemo guduma.

Wurin da ka ambata ma ba haka kawai ba ne. A ƙarƙashin harshe akwai ƙofofin da yawu ke fitowa, kuma kai tsaye bayan haƙoran gaba na ƙasa suke zuba. Shi ya sa nan ne wuri na farko da muke dubawa, kuma da wuya mu rasa. Wuri na biyu shi ne turamen sama ta wajen kumatu, inda wata ƙofar yawun take. In ka sa yatsa mai tsabta ka shafa can, ba mamaki ka ji kaushi.

Mutane sun bambanta. Akwai wanda yawunsa ke da yawan waɗannan sinadarai, wata uku bayan an wanke masa ka ga ta fara dawowa, akwai kuma wanda zai shekara biyu ba ka ga abin a zo a gani ba. Haƙoran da suka hau kan juna suna tarawa da sauri. Mai shan sigari ma haka. Akwai kuma abin da na sha gani a kujerar aiki: mutum ya buɗe baki, ɓangare ɗaya tas, ɗaya ɓangaren kuwa tsatsa ta rufe har saman turamen da ake tauna da su. Kafin ya yi magana na san akwai haƙori mai ciwo a wannan gefen, ya daɗe da daina tauna da shi, buroshi ma kaffa-kaffa yake yi da wurin.

Goro da shayi da taba suna rina ta, ta koma ja ko baƙi-baƙi, amma ba su ne suka haife ta ba. Tabon goro a kan haƙori mai santsi daban, tsatsa daban.

Jinin da kake gani

Ita tsatsar kanta dutse ce, ba ta da rai. Illarta kaushinta: samanta ramuka ne ƙanana da sabon datti ke maƙalewa, buroshi ya wuce ta kai bai kwashe ba. Sai ya zamana dasashi yana manne da ƙwayoyin cuta dare da rana. Ya kumbura, ya yi ja, da an taɓa sai jini. A 1965 wani likita mai suna Harald Löe da abokan aikinsa a ƙasar Denmak suka sa wasu masu lafiyayyen baki su daina goge haƙora gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 duk dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kusan mako guda ya warke. Na kawo maka wannan ne saboda kuskuren da kusan kowa ke yi: da ya ga jini sai ya riƙa tsallake wurin, yana ganin buroshi ne ya ji masa ciwo. Wurin da ke jini shi ya fi kowane wuri bukatar gogewa, a hankali, kullum.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, sai in an bar abin ya daɗe. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan lungu wanda zurfinsa a lafiyayyen baki bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Kumburi na shekaru yana zurfafa shi, tsatsa ta bi saiwar haƙori ta gangara ciki inda ido ba ya gani. Ta can ƙasa baƙa ce wuluk saboda jinin da ta sha, kuma ta fi ta sama manne wa. Daga nan ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da haƙori ya fara zaizayewa. Abin takaicin shi ne ba ya ciwo. Sai dai warin baki da ba ya jin turare, haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo, wata rana mutum ya ciji rake ya ji ɗaya ya motsa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya, suna da wannan ciwo a mataki mai tsanani. Kumburin farko yana warkewa tas. Ƙashin da ya tafi kuwa galibi ba ya dawowa, sai dai a tsayar da ɓarnar inda ta tsaya.

Lemun tsami, kanwa da gawayi

Abokinka ba mugunta ya yi maka ba, amma shawararsa garin neman gira ne a rasa ido. Gaskiya ne tsami yana narkar da kalsiyam. Matsalar ita ce farin ɓawon haƙorinka ma da shi aka yi shi, kuma tsami ba ya tantancewa. Ɓawon yana fara narkewa idan ma’aunin tsami ya sauka ƙasa da 5.5, ruwan lemun tsami kuwa yana wajen 2 zuwa 3, kuma a wannan ma’auni ƙaramar lamba ce ke nuna tsami mai ƙarfi. Wannan mutuwar da haƙora ke yi in ka sha tsamiya ko ɗanyen mangwaro, alama ce ta tsami ya taɓa su. Mai dirza lemun tsami kullum zai ga haske a makon farko, daga baya ɓawon ya yi siriri, launin ɗorawar da ke ƙarƙashinsa ya bayyana, ruwan sanyi ya riƙa sukarsa har ƙwaƙwalwa. Ɓawon haƙori kuma ba ya sake tsirowa. Tsatsar fa tana nan inda take.

Idan aka matsa lemu a kan kanwa za ka ga kumfa na tashi yana ƙara, sai mutum ya ce lallai magani ya ji. Kumfar faɗa ce tsakanin tsami da kanwa, babu ruwanta da haƙori. Abin da ya rage bayan ta kwanta shi ne yashin da ke cikin kanwa, mai kartar haƙori, da kaifin da ke ƙona dasashi. Gawayi da toka da gishiri mai tsakuwa duk aikinsu ɗaya, wato karta. Suna iya ɗauke tabon shayi, amma tare da ɓawo suke ɗaukewa, musamman a wuyan haƙori inda ya fi siriri. Haka ruwan nan da ake tallarsa a kasuwa da tashar mota, a shafa a auduga a goga wa mutum haƙori ya yi fari nan take a gaban jama’a. Duk abin da ya faranta haƙori cikin daƙiƙa kaɗan ka yi zargin ruwan asid ne. Waɗanda suka zo mana bayan sun yi amfani da shi, haƙoransu fari ne irin na alli, babu sheƙi, iska ma ba sa son ta taɓa su.

Allura, reza, da ƙarafan kankare haƙori da ake sayarwa a intanet, ka bar su. Ko ka ɓantaro wani yanki, na ƙarƙashin dasashi yana nan, kuma hannu ɗaya ya zame ka yanki nama. Ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ba laifi, yana lafar da kumburi in an kurkure da shi. Iyakarsa ke nan.

To ina amfanin asuwakin?

Yana da amfani, kada ka bari. Sunna ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1986 ta ƙarfafa amfani da shi. Wanda ya iya riƙe shi yana kwashe ɗanyen datti sosai a fuskar haƙora ta waje. Sai dai dubi ƙirarsa. Gashin buroshi a gefe yake, na asuwaki kuwa a kan tsinin sandar, miƙe. Kafin ka kai shi bayan haƙoran ƙasa ta wajen harshe sai ka wage baki ka karkata hannu ta yadda ba kowa ke yi ba. Lura da mutane a wurin alwala: haƙora shida na gaba ake ta zirga-zirga a kai, dama da hagu, wani ma yana tafe yana hira sandar na rataye a gefen baki. Waɗannan shidan suna sheƙi, har dasashinsu ya ja baya saboda yawan dirza, bayan haƙoran kuwa ba a leƙa ba. Ina kyautata zaton haka naka yake.

In za ka yi, ka sami ɗanye ko ka jiƙa busasshe ya yi laushi, na itacen asuwaki ne ko na darbejiya. Ka yanke kan da ya tsufa kullum ko bayan kwana biyu. Ka riƙa sharowa daga dasashi zuwa bakin haƙori, haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne ka ce da safe kake goge baki da buroshi. Na dare fa? In da za a tilasta mini in zaɓi ɗaya, na dare zan zaɓa. Yawu yana raguwa sosai idan mutum ya yi barci, dattin da aka kwana da shi yana samun awa bakwai ko takwas babu mai damunsa. Goge bakin ƙarshe ya zama bayan shayin dare da duk wani ciye-ciye, ba abin da zai biyo baya sai ruwa. Da azumi kuma bayan sahur da kafin kwanciya.

Buroshi mai laushi za ka saya, mai ƙaramin kai. Na san mutanenmu sun fi son mai tauri, suna cewa shi ne ke fitar da datti. Ɗanyen datti laushi gare shi, ba ya bukatar ƙarfi, tsatsa kuma ko na waya ka sa ba za ta fita ba. Ribar mai tauri ɗaya ce, ya sassaƙe wuyan haƙori ya bar rami. Ka jingina gashin a karkace, rabi kan haƙori rabi kan dasashi, yana kallon gindin haƙori, ka riƙa juya shi a hankali a wuri ɗaya kafin ka matsa gaba. Idan ka zo bayan haƙoran gaba na ƙasa, kwantaccen buroshi ba ya shiga wannan kwana. Tsayar da shi za ka yi, ƙotarsa na kallon sama, ka yi aiki da tsininsa kana sharowa daga ƙasa. Shawarar da nake ba masu irin bakinka ita ce su fara daga nan, tun makilin bai cika baki da kumfa ba, tun gaggawa ba ta zo ba. Minti biyu cikakku, ka duba agogon wayarka sau ɗaya ka ga yadda suke da tsawo. A canja buroshi bayan wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje.

Man goge baki ya zama mai sinadarin fuloraid, za ka ga an rubuta 1450 ppm ko kusa da haka a jikin kwalin. Akwai waɗanda aka ƙara wa fairofosfet ko zinki don rage daskarewar datti. Suna rage saurin taruwar sabuwar tsatsa a saman dasashi, ba sa taɓa tsohuwa. Idan ka gama ka tofar kawai, kada ka bi da ruwa ka wanke maganin. In ka sha lemu ko zoɓo mai tsami, ka kurkure da ruwa ka jira kamar rabin awa kafin ka sa buroshi.

Saura tsakanin haƙora, inda buroshi da asuwaki duk ba sa shiga. Tsinken sakace nama yake cirowa, ba ya share bangon haƙori, kuma tsinken tsintsiya ko ashana yana huda dasashi. Zaren sakace da ake sayarwa a kemis shi ne na wurin: a zura a hankali, a lanƙwasa shi ya rungumi haƙori, a yi sama da ƙasa, sannan a rungumi na kusa da shi. Sau ɗaya a rana ya isa. Wanda haƙoransa suka riga suka buɗe, ɗan siririn buroshin da aka yi don tsakanin haƙora ya fi masa zare. Kwanakin farko za ka ga jini, kuma in ka sansana zaren za ka gane inda warin baki ke fitowa. Ruwan kurkure baki na kwalba ƙari ne kawai. Mai sinadarin kulohekzidin a ciki magani ne na mako ɗaya zuwa biyu bisa umarnin likita, in an zarce yana rina haƙora, yana ma ƙara tsatsar.

Maganar yayanka

Wannan tsoro na sha jin sa, kuma abin da ka gani da idonka gaskiya ne, fassararsa ce ba daidai ba. Na’urar wankin haƙori ɗan ƙarfe ne mai karkarwa da sauri yana fesa ruwa, karkarwar ce ke ɓamɓare tsatsa. Ba ya yanka haƙori, ba ya iya tura shi gefe. Idan mutum ya shekara goma ko ashirin bai taɓa wankewa ba, ƙashi ya riga ya zaizaye, dasashi ya ja baya, tsatsa ta cike guraben ta haɗe haƙora huɗu ko shida suka zama dunƙule ɗaya. Ranar da aka cire ta sai harshe ya ji ramuka, haƙoran da ke jingine da juna kowanne ya tsaya da ƙafarsa, girgiɗin da ke ɓoye ya fito fili. Da an bar ta, da ƙashin ya ci gaba da tafiya har haƙoran su zube tare da ita. Sau da yawa ma idan kumburi ya sauka bayan wasu makonni, girgiɗin yana raguwa. Ka ce wa yayan naka ya koma a auna masa zurfin dasashi, domin irin nasa wanki ɗaya ba ya isa.

Kai kuma a shekara 36, da jinin da bai daɗe da farawa ba, akwai kyakkyawan zaton kumburin farko ne. Amma wasiƙa ba ta nuna abin da ke ƙarƙashin dasashi, sai an sa ma’auni, wani lokaci har da hoto. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Jami’ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami’ar Maiduguri duk suna da sashen haƙori, haka manyan asibitocin jiha da dama. Ka guji masu yi a bakin titi da kayan da ba a dafa ba, ciwon hanta ta jini yake bi.

Kada a jinkirta idan akwai ruwan mugunya, ko kumburin fuska, ko haƙori mai motsi. Mai ciwon suga ya fi kowa bukatar zuwa, domin sugan yana tsananta ciwon dasashi, ciwon dasashin kuma yana wahalar da saita sugan. Mai juna biyu dasashinta yakan kumbura, kuma wankin haƙori ba ya cutar da ciki. Mai shan sigari kada rashin jini ya ruɗe shi, taba tana ɓoye jinin ne alhali ɓarna na tafiya. Wasu magungunan hawan jini, irin amlodifin da nifedifin, suna sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori ga wasu mutane, ba a daina shan su da ka, a dai gaya wa likita. Haka mai shan maganin tsinka jini ko mai ciwon zuciya ya faɗa kafin a fara. Jinin da ke zuba da kansa ba a taɓa ba, tare da kasala ko tabon jini a fata, wannan na gwajin jini ne.

Ranar da za ka je, ka tafi da buroshinka da asuwakinka, ka ce a ba ka madubi a nuna maka inda kake tsallakewa. Bayan wankin za ka iya jin sanyin ruwa na ’yan kwanaki zuwa mako biyu, man goge baki na masu wannan matsala yana taimakawa, kuma ba dalili ba ne na daina gogewa. Yawanci mukan ce a dawo bayan wata shida, mai saurin tarawa ko mai ciwon dasashi bayan wata uku ko huɗu. Tsakanin nan, duk ƙarshen mako ka tsaya gaban madubi, ka ɗaga harshe, ka haska bayan haƙoran da fitilar waya. Idan ka ga siririn farin layi ya fara kwanciya a gindinsu, ka gwada da buroshi a tsaye. In ya fita, ɗanyen datti ne, sai ka ƙara wa wurin lokaci. In ya ƙi, ka matso da ranar komawarka asibiti.